Rawayar Ƙwayar Nan ta Sinawa: Gwanata Ba Ta da Na Biyu a Fadamar Rima

Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji masu iya magana, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Wani a ƙwallo ya mutu, ranar da aka lallasa Barcelona ko tuwo ba ya iya haɗiya. Wani dambe, wani sukuwar dawaki, wani kuwa ba shi da zance sai sabuwar waya. To ni, jama'a, gwanata ƙwayar magani ce, kuma ko a tsakiyar kasuwa sai in faɗa ba kunya. 'Yar rawaya, 'yar shafal, mara hayaniya, mai kaifi, mai cika alkawari, wadda ke jere a kantar kowane kemis daga Rafin Atiku zuwa Badariya, daga Ambursa zuwa Argungu har can Kangiwa. Ma'aikatan lafiya suna ce mata ACT, mu kuwa kowa da sunan kamfanin da ya fi kama bakinsa: wannan ya ce Coartem, wancan ya ce Lonart, waccan ta ce Amatem. Duk kanwar ja ce. Kuma na san ba ni kaɗai nake wannan ƙauna ba. Ku nas-nas da ke kwana a ɗakin yara, ku masu kemis na gaskiya, ku iyaye mata da kuka taɓa raba dare kuna shafa wa yaro tsumma mai sanyi, da ku nake, don ku kuka san abin da nake nufi.

Wanda bai zauna bakin gulbi ba zai ce na cika zuzutawa. Ya zo ya yi damina ɗaya da mu. Fadamar nan ta Rima da ta ba mu shinkafar da ake casa a Labana da WACOT, ta ba mu giwan ruwa da tarwaɗa, ta ba mu albasa da rake, ita ce kuma ta ba mu sauro mai ƙiba da naci, wanda ba ya jiran magariba ta yi sosai kafin ya fara waƙa a kunne. Ruwa ya kwanta a gonakin shinkafa, ya kwanta a kududdufai da kwatoci, daga watan Agusta zuwa Oktoba kuwa ko'ina ka leƙa wani na rawar ɗari cikin bargo da rana tsaka. Ba ji-ta-ji-ta ba ce. Binciken ƙasa na shekarar 2021 ya duba jinin ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ya samu kashi 22 cikin 100 a faɗin Najeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar, amma a Kebbi kashi 49 ne, babu jihar da ta kamo mu. A na 2018 ma mu ne a sama da kashi 52. Shi ya sa da aka tashi fara allurar rigakafin maleriya a Disamban 2024, Kebbi da Bayelsa aka fara zaɓa. Mutumin da ke zaune a irin wannan wuri, in ya samu maganin da ke kayar da masassara cikin kwana uku, ai dole ya yi masa kirari.

Ku da kuka kai shekaru, ku tuna zamanin kulorokwin. Wayyo, kulorokwin! Ɗacin da ke manne wa harshe har gobe, ga kuma ƙaiƙayin nan na fitar hankali, na tafin hannu da tafin ƙafa da gadon baya, wanda ke sa dattijo mai rawani ya nemi bango ya goga ba ruwansa da wanda ke kallo. A ba ka Piriton ka kwana kana layi. Da ma a ce ana warkewa, da sai a yi haƙuri. Amma tun daga ƙarshen shekarun 1980 ƙwayar cutar ta fara raina shi, ka sha, ka yi susa, bayan mako biyu masassara ta dawo ta ce ina kwana. In abu ya ci tura a koma kwinin, kunne ya yi ta ƙugi, duniya ta yi ta juyawa. Sai a shekarar 2005 Najeriya ta sauya layi ta ce daga yanzu ACT ne maganin farko. Ranar nan ta cancanci a riƙa ba da hutu.

Abin da ya fi burge ni, wanda kuma ya sa duk inda na zauna sai na jawo zancen, shi ne asalin wannan ƙwaya. Ka gan ta a kwali mai sheƙi da rubutun Turanci, ka ce a Landan aka haife ta. Ina! Maganin gargajiya ce, ta Sinawa, daga wani ganye mai ƙamshi da ɗaci da suke kira cinhawo, wanda ke tsirowa a gefen hanya da bakin rafi a ƙasarsu, kuma masu maganinsu sun fi shekara dubu suna rubuta shi a littattafai. Mu nan in an ce maganin Sin, abin da ke zuwa rai shi ne man zafi a ɗan jan gwangwani, ko shayin rage tumbi da ake talla da lasifika a tasha, ko hoton mutum kwance an soka masa siraran allurai a baya. Alhali sarauniyar maganin Sin tana cikin aljihunmu tuntuni, ba mu ko yi mata sannu da zuwa ba.

Ga yadda aka yi, kuma wallahi fim ne sukutum, ban san me 'yan Kannywood ke jira ba. Ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, masassara na kayar da sojoji a daji fiye da yadda harsashi ke kayarwa, kulorokwin ya daina ci. Biyetnam ta Arewa ta nemi agajin Sin. Ranar 23 ga Mayu, 1967, gwamnatin Mao ta kafa wani shiri na sirri, aka raɗa masa suna da kwanan watan, Shiri na 523, aka zuba masana fiye da 500 daga cibiyoyi wajen 60. Wasu aka ce su haɗa sababbin sinadarai, wasu aka ce su koma wa littattafan kaka da kakanni. A farkon 1969 aka ɗora wata mata a kan ƙungiyar da za ta tono maganin gargajiya a cibiyarsu ta Beijin. Sunanta Tu Youyou, haifaffiyar birnin Ningbo, ranar 30 ga Disamba, 1930. Tarin fuka ya taɓa kwantar da ita tana budurwa har ta bar makaranta shekara biyu. Ta karanta ilimin haɗa magunguna na zamani, ta gama a 1955, sannan ta ƙara shekara biyu da rabi tana koyon na gargajiya. Ido biyu ke nan, ɗaya a madubin awo, ɗaya a tsohon littafi. Uwar ɗakina ke nan!

Ku dubi irin aikin da baiwar Allahn nan ta yi. Ta bi littattafai, ta bi tsofaffin masu magani, ta bi wasiƙun da talakawa suka aiko, ta tara haɗe-haɗe fiye da 2,000, ta tace ta fitar da 640 a littafi guda. Ita da abokan aikinta suka tatsi ruwan tsirrai kusan 200, suka yi samfuri 380, suna gwadawa a jikin ɓeraye masu cutar. Aka tura ta tsibirin Hainan inda masassara ta yi katutu, ta kai babbar 'yarta gidan reno, ƙaramar ta kai wa iyayenta a Ningbo. Shi ganyen cinhawo ya so ya ba su kunya: yau ya yi aiki, gobe ya noƙe. Wani da tuni ya yar da shi ya ce tatsuniya ce. Ita kuwa sai ta koma ta sake karatu.

Nan ne wurin da nake so, wurin da in na zo ba da labari sai na gyara zama. Akwai wani malami mai suna Ge Hong da ya rayu a ƙarni na 4, shekaru wajen 1,700 ke nan, ya bar ɗan littafin magungunan gaggawa, irin wanda mutum zai soke a hannun riga ya yi tafiya. A babin masassara mai zuwa tana komawa ya ambaci wannan ganye, amma bai ce a dafa ba. Jiƙawa ya ce a yi, a matse, a sha ruwan. Dubban mutane sun karanta wannan wuri sun wuce. Ita kaɗai ta tsaya ta ce, to me ya sa tsohon nan bai ɗora tukunya ba, alhali kusan duk maganinsu dafawa ake yi? Ko dai wuta ce ke kashe ƙarfin abin? Sai ta bar tafasawa, ta koma tatsa da wani sinadari mai suna eta, wanda ke tafasa a ma'aunin zafi 35, bai ma kai zafin Birnin Kebbi na watan Afrilu ba. Ranar 4 ga Oktoba, 1971, samfuri mai lamba 191 ya share ƙwayar cutar daga jinin ɓerayen ƙaf, ɗari bisa ɗari. Aka gwada a birai, haka. Kai! Mai hankali shi ke gane furfurar farar tunkiya.

Ba a nan ta tsaya da burge ni ba. An ji tsoron ko abin yana da dafi, ga damina na wucewa, in ta wuce sai an jira wata shekara kafin a samu marasa lafiya da za a gwada. A 1972 Tu Youyou da abokan aikinta biyu suka kwanta a asibiti, suka sha da kansu, aka sa musu ido. Da aka ga ba abin da ya same su, sai ta kwashi maganin ta nufi Hainan, aka ba mutum 21, zazzaɓi ya sauka, jini ya washe. A watan Nuwamban shekarar suka fitar da tsantsar sinadarin, farin ƙanƙara-ƙanƙara, wanda duniya ta sani yau da atemisinin. Mai magani ya fara ɗanɗana maganinsa kafin ya miƙa wa ɗan wani. A gaya mini inda ake sayar da irin wannan amana in je in saya.

Sai kuma yadda maganin yake aiki a jiki, wanda shi ma abin a tafa ne. Ƙwayar maleriya tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta zauna tana cin abin da ke ciki, a wurin cin nan take sako sinadarin ƙarfe. Shi kuwa atemisinin yana ɗauke da wani ɗan ƙulli na iskar oksijin biyu a haɗe, da ya gamu da ƙarfen nan sai ƙullin ya tsinke ya yi raga-raga da ita daga ciki. Kwaɗayinta ne ajalinta. A kowane zagaye na kwana biyu yana iya rage yawan ƙwayoyin cutar ninki 10,000, babu wani maganin maleriya da ke da wannan sauri. Aibinsa ɗaya, ba ya zama: cikin 'yan sa'o'i ya bar jiki. Shi ya sa aka yi masa abokin tafiya. Ku ɗauki ranar kamun kifi a Matan Fada: a buga bindiga, dubban masunta su afka ruwa da homa da gora, cikin sa'a guda an kwashe manya an fito, sannan Sarkawan da gulbi ne gidansu su ci gaba da bi a hankali kwana da kwanaki suna tsince abin da ya ɓuya. Atemita, ɗan gidan atemisinin, shi ne rububin farko, lumefantirin shi ne mai bin sawu. Kuma wannan haɗin ma Sinawa ne suka yi shi, ƙungiyar Farfesa Zhou Yiqing ta cibiyar binciken lafiya ta sojojinsu, kafin su ƙulla yarjejeniya da kamfanin Suwizalan da yau ake kira Novartis, Coartem ya fito kasuwa a ƙarshen shekarun 1990.

Ni fa har tsarin shanta yana burge ni. Babba ya sha sau shida cikin kwana uku: na farko yanzu, na biyu bayan sa'a takwas, sauran safe da yamma. Da can huɗu-huɗu ake haɗiya, ƙwaya 24 cur, yanzu ga mai ƙarfin 80/480, ɗaya tak a kowane sha. Ga ta yara mai narkewa a cokali, mai ɗan zaƙi, an huta da kokawar matse hanci da ɗure. Sannan ga sharaɗin da ya fi kowane daɗi a duniyar magani: a sha da abinci mai maiƙo, don lumefantirin sai da maiƙo yake shiga jini sosai. Wato likita da bakinsa yana umartarka da fura da nono, da kunun gyaɗa, da ƙosai mai zafi, da soyayyen kifin Argungu. Wane magani ne ya taɓa yi mana wannan karamci? A rana ta biyu za ka ga wanda jiya ko ruwa ba ya so yana tambayar ko akwai sauran tuwo.

Amma in ana maganar bajinta, a ba allurar atesunet fili. Ita ce ta ranar tashin hankali, ranar da yaro ya sanƙame, ido ya juye, aka ɗauko shi a kan babur daga ƙauye zuwa Asibitin Sir Yahaya ko babban asibitin Argungu, uwa na salati. Wani masani mai suna Liu Xu ne ya haɗa ta a masana'antar magunguna ta Guilin a 1977, ya samo hanyar da sinadarin atemisinin zai narke a ruwa har a iya ɗura shi a jijiya. An gwada ta da kwinin ƙiri-ƙiri a wani babban bincike da aka buga a 2010, yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilori a nan gida. Cikin waɗanda aka yi wa kwinin kashi 10.9 suka rasu, cikin na atesunet kashi 8.5. Ka ce tazarar ba yawa? Lissafa da dubban yaran da ake kwantarwa kowace damina daga Yawuri zuwa Illela, ka ga gidaje nawa aka ɗauke wa zaman makoki da ikon Allah. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce atesunet ce ta farko ga masassara mai tsanani. Tambayi duk nas ɗin da ta yi zamanin ƙarin ruwan kwinin na sa'a huɗu-huɗu, za ta ba ka labari har da rantsuwa.

To ina ladan? Nan kuma sai halin mutanen ya ƙara shiga raina. Da aka buga sakamakon a 1977, ba a sa sunan kowa ba, sunan ƙungiya aka sa. Shekaru suka shuɗe, miliyoyin mutane suna sha suna tashi, duniya ba ta san wa za ta gode wa ba, sai da wasu masana a Amurka suka bi tsofaffin takardu suka tono sunanta. A 2011 aka ba ta lambar Lasker, a 2015 aka ba ta rabin lambar Nobel ta fannin lafiya, ɗaya rabin kuma William Campbell da Satoshi Omura suka raba, su ne masu maganin makantar bakin gulbi da ake rabawa a ƙauyukanmu. Tana da shekara 84 a lokacin. Ba ta da digirin dakta, ba ta yi karatu a ƙasar waje ba, ba ta cikin majalisar manyan masana ta ƙasarta. Kuma da ta tashi jawabi, ga ƙungiya ta mai da yabon, ga magabata ta mai da shi. Gaskiya ne, ba ita kaɗai ta yi ba: na Yunnan da na Shandong sun tatsi nasu, Farfesa Li Guoqiao na Guangzhou ya yi ta fama da masu masassarar da ta taɓa ƙwaƙwalwa har ya tabbatar da ƙarfin maganin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ita ƙasar Sin da a shekarun 1940 ake samun masu maleriya miliyan 30 a shekara, ranar 30 ga Yuni, 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar rabuwa da cutar kwata-kwata. Da wata doka tasu mai sauƙin haddacewa suka ƙarasa ta: a kai rahoton mai cuta cikin kwana 1, a bincika cikin kwana 3, a ɗauki mataki a unguwarsa cikin kwana 7. Ɗaya, uku, bakwai. A rubuta mana wannan a bangon kowace sakatariyar ƙaramar hukuma.

Yanzu bari in ɗan yi ƙorafi, don masoyi na gaskiya ba ya rasa mita. Na farko da mu nake. Mutum ya sha na yau da na gobe, ya ji garau, sai ya soke sauran a ƙarƙashin katifa wai na wata rana, ko ya raba kati ɗaya tsakanin yara biyu. Haba ɗan uwa! Ragowar ƙwayoyin cutar da ka bari da rai, makaranta ka sa su. Haka aka kashe kulorokwin muna kallo. Tun wajen 2008 aka ga cutar ta fara jinkirin mutuwa a gaban atemisinin a Kambodiya, yanzu an tabbatar da irin haka a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Abin ya taka ƙasar Afirka, ba wasa ba ne. Na biyu, ba kowane zafin jiki ne maleriya ba. Ɗan tsinken gwajin nan na ɗigon jini minti 15 zuwa 20 ne kawai, a yi shi kafin a ɓare kati, kada a yi ta ɗura wa mai taifot ko mai ciwon huhu abin da ba nasa ba. Mai juna biyu kuwa da jariri, asibiti za su, ba kanti ba. Na uku, 'yan jabu, Allah ya isa! Alli da rawayen kala a kwali mai kyau, a sayar wa uwar da ta sayar da kazarta. Ku kankare ɗan azurfan da ke jikin kwalin ku tura lambar ta waya, tsarin da NAFDAC ta kawo ke nan, kuma kyauta ne. Na huɗu, tsada. Kuɗin kati ɗaya na kamfani mai suna yanzu sai magidanci ya yi tsaki kafin ya zaro.

Akwai kuma 'yan uwana masoya tazargade, na ga kun ɗaga hannu tun ɗazu. E, dangi ne, gida ɗaya suka fito da cinhawo, kuma kowa ya tuna rububin da aka yi mata a zamanin korona, musamman da Madagaska ta fito da nata ruwan ganyen a 2020. Ina son ƙamshinta, ina girmama kakannin da suka san ta. Amma shayin ganye daban, ƙwaya daban. Abin da ke cikin ganye ɗan kaɗan ne, kuma na wannan gona ba ɗaya yake da na waccan ba, ba ka san nawa ka sha ba. Kaɗan ɗin nan ba ya kashe cutar duka, sai dai ya koya mata dabara, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi maganin maleriya da shayin ba. Da jiƙo ya wadatar, da Tu Youyou ba ta sha wahalar samfuri 190 ba.

Kuma kada wani ya ce tunda ina yabon wannan, duk abin da aka liƙa wa sunan maganin Sin na sa masa hannu. A'a. Ina jakunanmu? Wani haɗi nasu da ake dafawa daga fatar jaki ya sa an bi kasuwannin Arewa da na Nijar ana kwashe su, har Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka su don fata a Fabrairun 2024. Manomin fadama da ke ɗora wa jakinsa buhun shinkafa da taki ya san abin da ya rasa. Wannan ba ya cikin abin da nake wa tafi. Abin da nake wa tafi shi ne tankaɗe da rairaya. A cikin Shiri na 523 ɗin nan an gwada soka allurai, ba su kashe cutar ba, aka ajiye. An gwada wata saiwa mai suna canshan, tana aiki amma amai take sawa ba ƙaƙƙautawa, aka ajiye. Ita kanta Tu ta gwada masoro a Hainan, ya sauke zafi amma ƙwayar cutar na nan, ta ajiye. Ba su ce tunda kaka ya faɗa shi ke nan ba, ba su kuma ce tunda kaka ne ya faɗa ƙauyanci ne ba. Sun ɗauki maganarsa da daraja har suka ga ta isa a kai ta ɗakin gwaji. Girmamawar da ta fi wannan, ban san ta ba.

Shi ya sa duk lokacin da na ɓare katin nan sai kishi ya ɗan taso mini. Mu ma fa ba marayu ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basur. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu a kan abin da ke gyara addini da jiki. Ga sabara, ga marke, ga rai-ɗore, ga dogon yaro da ake surace da shi a kowane gida. Ga Sarkawa da sanin cututtukan ruwa, ga wanzamai da ƙahonsu, ga unguwar zoma, ga Fulani da saiwoyin daji, kowane tsoho ya faɗi ya tafi da nasa. Kuma an taɓa gwadawa an ga haske: a shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya, mai ɗauke da masoro da kanumfari da karan dafi, ta fitar da Niprisan don masu sikila. Ashe ana iyawa.

Wasu ganyayen namu za su faɗi jarrabawa, wasu ma a gano suna ɓata hanta ko ƙoda, a ce a bari, kuma wannan ma riba ce. Amma a cikin ɗari wa ya san ko akwai ɗaya? Ga jami'a a Kalgo, ga ta Aliero, ga tsangayar haɗa magunguna a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ga yara masu ƙwaƙwalwa suna gama digiri suna sayar da data. Tsofaffin suna nan a Gulma da Augie da Bunza, ba sa buƙatar biza kafin a je a durƙusa a gaishe su da littafi da biro. Abin da ya rage shi ne mai haƙurin faɗuwa sau 190, da gwamnatin da za ta ci gaba da biyan albashinsa yana faɗuwar. Wanda ya samo mana waɗannan biyun, ni zan fara yi masa kirari, kuma kun dai ji yadda bakina yake in na so abu.